Ƙarin ruwan da ya kusa kai ni kushewa

Salamu alaikum jama'a. Kun saba ganina a nan da barkwanci da hotunan jikoki. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ko ƴaƴana ba su san ta duka ba. Yau zan faɗe ta, don har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Shekarar da darajar sefa ta faɗi, ina tuƙa motar haya tsakanin Madarunfa da Ɗan Issa da Maraɗi. Ƙato ne ni a lokacin, buhun gero ni kaɗai nake ɗora shi kan mota.

Sai ƙishirwa ta sa ni gaba. Kafin in ajiye moɗa maƙogwaro ya bushe. Fitsari kuwa, kowane ƙauye sai na taka burki, har fasinja suka raɗa mini Sarkin Tsayuwa.

Wando ya fara zamewa. Jaki a kan hanya dishi-dishi nake ganinsa. Direba babu ido, me ya rage?

Matata Hadiza ta kai ni wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, kusa da mu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya dafa goshina ya ce, "Masassarar sauro ce, direba. Damina ce hwa."

Jikina ko ɗumi babu! Na faɗa masa ƙishirwa, na faɗa masa fitsari. Ya ba ni ƙwayoyi. Na koma, ya yi mini allura. Na sake komawa a sheƙe, ya ce sai an kwantar da ni an yi ƙarin ruwa, an zuba maganin masassara a ciki.

Ruwan nan ashe na sukari ne.

Ga kuma ƴan dubiya. Kun san al'adarmu, ba a zuwa wajen mara lafiya hannu rabbana. Wannan kwalin sukari, wancan lemun kwalba daga Najeriya. Innata ta zauna a kaina tana cewa Hadiza, "Dama mai hura, ki zuba sukari da yawa, ƙarhi ne ya ƙare mai."

Kowa da ƙaunarsa ya zo, kowa kuma itace ya ƙara wa wutar.

Amai ya fara, numfashi ya koma sama-sama. Ina jin muryoyi kamar daga cikin rijiya, daga nan ban san inda kaina yake ba.

Yayana Sani ne ya zare ni daga gadon, ya sa ni a motata sai babbar asibitin Maraɗi. Shi ya ba ni labarin sauran. Wata likita ta tsira mini allura a yatsa, ta ɗiga jinin a kan ɗan abin awo, ta tambaya, "Mi anka ƙara mai?" Yaya ya nuna mata ledar ƙarin ruwan. Ta ce, "Innalillahi! Mai ciwon sukari anka ɗura ma sukari?"

Ɗigon jini ɗaya, jama'a. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Na farfaɗo na tarar da sabuwar rayuwa. Kowace safiya awon jini, fitsari a kwalba, allurar insulin kafin abinci. Magani ya ninka kuɗi a farmasi, ragunan kiwon Hadiza duk suka tafi. Mutumin gadon kusa da ni an yanke masa ƙafa, ciwonmu ɗaya. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

Suka koya mini yi wa kaina allura a cinya. Ba mu da firiji, sai a sa maganin cikin ƴar tukunya a binne ta a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Sannu a hankali ido ya washe, na koma kan sitiyari.

Wata rana a tashar Ɗan Issa sai ga majo zai shiga motata. Zagin da na tanadar masa ya fi buhu. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna.

"Wallahi direba, ba a koya muna ba. A kan masassara da zawo da ƙyanda anka horar da mu. Anka ce sukari ciwon manyan birni ne. Ko abin awon ba mu da shi."

Na rasa inda zan sauke fushin. An tura mutum gona ba fartanya, sai ni da na kusa zama taki. Na kai shi Maraɗi lafiya, amma kuɗin mota sai da ya biya.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Hadiza da likitar nan da alheri, ya jiƙan Inna da Yaya Sani.

Masu horar da ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah, talakan ƙauye ma yana ciwon sukari. Ku koya musu, ku ba su abin awo.

Ku kuma, in kun ga ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ku nace a auna jini. Za ku dubiya, ku fara jin abin da ke damun mutum kafin ku sayi sukari.

In kuma an ɗaga leda za a ƙara wa naka ruwa, kada kunya ta kama ka. Tambayi abin da ke ciki.