Wanda Ya Ɗora Ƙarafan

Ina da cikin wata bakwai aikin digirina na uku ya kai wurin ɗaukar kaya. A jami'armu ta Manchester akwai wani ƙaton bututu da ake hura iska a ciki don gwada ƙananan fukafukan jirgin sama. Ni aka ba wa daidaita ma'aunin da ke faɗin ƙarfin da iskar take yi a kansu. Sai an rataya masa ƙarafa masu sanannen nauyi, a ga ko gaskiya yake faɗa.

Tsarina shi ne kada a bi ƙarafan daga ƙarami zuwa babba. Ɗakin yana ƙara ɗumi daga safe zuwa yamma, ma'aunin kuwa ɗumi yana karkatar da shi. In aka bi a jere, ba mai gane ko nauyi ne ya motsa shi ko zafi. Don haka na sa kwamfuta ta cakuɗa jerin. Aikin wahala ne, ban musa ba.

Likita ta hana ni ɗaga komai. Maigidana, wanda shi ma ɗalibi ne a sashen, ya ce in yi zamana a gida a unguwar Rusholme, shi zai yi. Lambobin da ya kawo sun fito tsaf. Don murna har sinasir na yi masa. Na rubuta babi guda na miƙa, wasu ɗalibai suka fara aiki da ma'aunin.

Sai muka je suna a unguwar Small Heath. Ina kicin ina zuba waina, na jiyo shi a falo yana ba maza dariya.

"Madam ta ce in ɗora wannan, in sauke, in sake ɗorawa, sai ka ce ɗan dako. Ni kam a jere na bi abina, then I just shuffled the numbers, na cakuɗa lambobin a takarda kawai."

Ba ƙiwar ce ta ƙona min rai ba, kowa yana gajiya. Da ya ce ba zai iya ba, da na nemi wani. Amma ya kalle ni ya miƙo min takardun, ya ci sinasir ɗina, ya kuma mayar da ni abin hira.

A mota muna dawowa na yi masa magana.

"Haba, ai result ɗin ya yi kyau," ya ce. "Wa zai sani?"

Ranar Litinin na je wurin malamin da ke duba aikina, na ce babin ba shi da inganci, a dakatar da masu amfani da ma'aunin. Ya tambaye ni wa ya ɗora ƙarafan. Na san wanda aka kama da ƙirƙirar lambobi kora ce, bizarsa kuma ta tafi. Na ce ni ce, jerin ne ya rikice min. Ya daɗe yana kallon cikina, sannan ya ce in sake aikin bayan na haihu. Shekara guda ta ƙaru a kaina.

Da na koma gida, tun ban cire takalmi ba maigidan ya tare ni.

"Kin ambaci sunana?"

Na ce a'a. Ya ce alhamdulillahi, ya tambaye ni me za a ci da dare.