Tambayar da Ba Su Yi Masa Ba

Shekarar da aka sa sunan maigidana cikin alƙalan da za a ɗaga zuwa kotun ƙoli, ni ce na zama sanata a gidanmu. Ba zaɓena aka yi ba, shi ya naɗa ni. Kullum bayan sallar asuba sai in haɗa shayi, in hakimce a kujerarsa ta falo, shi kuma ya tsaya gabana hannuwa a baya, in yi ta jefa masa irin tambayoyin da za a yi masa ranar tantancewa a majalisa. Malamar makaranta ce ni, na saba tsare yara da tambaya, don haka ban raga masa ba.

"Mai shari'a, me ya sa ƙara take tsufa a kotunanku, har mai ita ya mutu ya bar wa 'ya'yansa gadonta?"

"Ranki ya daɗe, Sanata," haka yake farawa, sai ya gyara murya ya shiga bayani har shayinsa ya huce. In ya yi tsawo in buga cokali a jikin kofi in ce lokacinsa ya ƙare. Ban taɓa jin daɗin aurena kamar a watannin nan ba.

Tambaya ɗaya ce ya hana ni yi. Shekarun baya, yana ƙaramar kotu, wasu mata masu ginin tukwane daga wajen Ushafa suka kai ƙarar wani kamfani da ya katange ramin da suke ɗibar yumɓu tun kaka da kakanni. Kamfanin yana da takarda, matan ba su da ita. Ya ba kamfanin gaskiya. Gari ya ɗauka cewa saye shi aka yi, har a masallacin unguwarmu wasu suka rage gaishe shi. Bai taɓa tankawa ba, domin alƙali ba ya zuwa rediyo ya wanke kansa. Zauren tantancewa ne kaɗai wurin da za a tambaye shi ya amsa da bakinsa, ƙasa tana ji. Da muka sami labarin an kai ƙorafi a kan wannan shari'a, murna ya yi.

"Wannan ki bar musu, Hajiya," ya ce da ni. "Ba na so in maimaita ta har ta zama hadda."

Sai kuma sunayen suka maƙale a teburin shugaban ƙasa. Ƙanena, wanda yake aiki a wata ma'aikata kusa da fadar, shi ke kawo mana labari. "Yaya, oga fa kowa yana jan rigarsa," in ji shi. Wannan gwamna yana son nasa, wancan yanki ya ce an daɗe ba a waiwaye shi ba, dattawan jam'iyya suna da ɗansu, ga ma'aikata suna barazanar yajin aiki, ga abinci ya yi tsada. Ni dai haushin shugaban nake ji, ina cewa sa hannu ɗaya ai ba noma ba ne. Maigidana kuwa tausayinsa yake ji. Ya ce, "Ni mutum biyu ke zuwa gabana, kullum ɗaya ya fita yana jin haushina. Shi fa, ƙasa guda?" Damina ta shigo ta wuce muna jira, muna ta karatunmu na asuba.

Daga ƙarshe shugaban ya sa hannu. Ranar da majalisa ta kira su, na zauna a benen baƙi ina hango shi cikin baƙar kwat ɗin da na goge da hannuna. Ya faɗi sunansa da inda ya yi karatu. Kafin kowa ya ɗaga hannu, sanatan jiharmu ya miƙe ya yi ta koɗa shi, sannan ya roƙi 'yan uwansa a yi masa abin da aka saba yi wa manya: ya rusuna ya wuce, ba sai an tambaye shi komai ba. A wurinsu karramawa ce. Zauren ya amsa da murya ɗaya. Na ga maigidana ya matso da bakinsa kusa da lasifika, ya ɗan tsaya, ana ta tafi. Daga nan ya rusuna, ya fita.

A bakin ƙofa sanatan ya same mu yana fara'a. "Hajiya, kin ga yadda muka tare masa maganar yumɓun nan? Ba mu bari kowa ya taɓo ta ba." Na yi masa godiya. Gidanmu ya cika da 'yan barka har yamma, shi kuwa ko abinci bai ci ba.

Washegari na haɗa shayi, na zauna a kujerarsa. Na ce, "Mai shari'a, an ce ka sayar da ramin yumɓu."

Ya dube ni, ya miƙe, ya sa hannuwa a baya. Ya ce bai karɓi komai daga kowa ba. Ya ce ya juya dokar ta kowace fuska yana neman ƙofar da zai shigar da matan nan bai samu ba, domin dokar takarda ta sani, ba ta san kakar kowa ba. Ya ce tun ranar duk sa'ad da ya sha ruwan randa sai ya tuna fuskokinsu. Sannan ya roƙi masu girma sanatoci, tunda gyaran doka a hannunsu yake, su gyara ta. Wannan karon ban buga cokali ba.

"Sanata, in wuce?"

Na ce ya wuce, ina kuka.

Bara Allah ya karɓi abinsa. Ina kewar tsayuwar nan tasa da asuba fiye da komai. A zaman makoki na ji wata baƙuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai shi ne alƙalin maganar yumɓu. Na so in juya in gaya mata ya amsa, amsa mai kyau kuwa. Amma ni kaɗai na ji, ni kuwa matarsa ce, shi da kansa ba zai karɓi shaidata ba.