Dutsen da nake kaɗi a kansa

Shekarar da aka zo kankare ƙasar gidajenmu saboda gubar dalma, damina biyu ke nan da aurar da autata, kukar bakin kasuwa kuwa ba ta faɗi ba tukuna. Aka ce duk dutsen da ya fito daga rami a fitar da shi, mota za ta kwashe. Na fitar da nawa, ban da guda.

Wannan gudan babana ya kawo shi daga wata rijiya da suka haƙa can yamma da Gummi. Girmansa kamar ƙwan agwagwa, gefe guda da ɗan rami mai santsi. A ramin nan innata take kafa gindin mazarinta in za ta kaɗa auduga, ni kuma na gada. Zaren da na kaɗa a kansa, masaƙan Anka ba su taɓa mayar mini da shi ba.

Sai na ƙulle shi a bakin zane. Cikin ma'aikatan kankarar akwai wata doguwar yarinya mai na'urar auna guba. Ta dube ni.

"Inna, me ke bakin zanenki?"

"Goro ne."

"Goro mai jan zane ƙasa?"

Mata suka kwashe da dariya. Na kwance na ba ta. Ta ɗora na'urar, ta ce babu dalma ko kaɗan. Sai ta yi ta juya shi.

"Inna, wannan ai ƙashin bayan maciji ne. Daɗewa ya yi a ƙasa har ya koma dutse."

"Ɗiyata, na ga ƙashin mesa da idona, bai kai rabin wanga ba."

Ta ce to ai shi ke nan, maciji ba ya kai haka sai inda ɗumi da ruwa ba sa yankewa. A zamaninsa, in ji ta, can yamma duk fadama ce a bakin teku. Teku! Inda babana yake sauka gaba ashirin kafin ya ga laima!

Ta roƙi in ba ta ta kai wa malamanta. Na ce ta ɗauki hoto, su zo da ƙafarsu. Ta miƙo mini da hannu biyu, na mayar bakin zane.

Cikin matan da suka yi mini dariya ran nan, saura maƙwabciyata mai daddawa da ƙanwar mijina. In suka shigo suka tarar ina kaɗi, sai su ce, "Sannu, mai maciji." Ni kuma in amsa.