Idon Baba Mai Gwaji

Duk bawul, wato makunnin bututun ruwa, da zai fita daga kamfanin ƙera kayan famfo sai ya bi ta hannun Baba Mai Gwaji. Ya ɗura masa ruwa da ƙarfi, ya zuba wa allurar ma'auni ido. In ta yi ƙasa ko da ƙiris ne, akwai yoyo, sai a mayar.

Tun kamfanin yana rumfar kwano yake nan, su uku da marigayi mai kamfanin, suna gyaran famfo. Daga gyara suka koma ƙera bawul, hukumar ruwa ta fara saya, sai suka ƙara da mitar ruwa, sai ga ma'aikata ɗari biyu. Shekara talatin da huɗu ke nan, ba a taɓa dawo masa da kaya ba, kuma ko ba ka tambaya ba zai gaya maka.

To, sai yanar ido ta kama shi. Allurar ta koma dishi-dishi. Ya yi gum da bakinsa, don tsoro yake kada a ce ya je gida ya huta. Me zai yi a gida? Ya riƙa shafa ƙarfe da yatsa yana neman danshi, yana manna hanci a gilashin ma'auni.

Matarsa ce ta ƙi raga masa. «Malam, jiya fa gishiri ka zuba a shayi. Abin da za a binne a ƙasa mutane su sha ruwa, shi kake gwadawa da lalube?»

Maganar ta soke shi. Washegari ya shiga ofishin 'yar marigayi, wadda ke riƙe da kamfanin yanzu, ya ajiye makullin ɗakin gwaji a kan tebur.

«'Yata, ba na gani.»

«Haba Baba, sai yau? Wata biyu ke nan injiniya na sake dubawa a bayanka, an rasa mai ƙarfin halin gaya maka. Ko kuskure ɗaya bai kama maka ba.» Ta tura masa makullin. «Riƙe abinka. Likita dai za ka gani, ni zan kai ka.»

Kunya da daɗi suka kama shi, ya ɗauki makullinsa.

Bayan sati shida ya dawo, an yi masa aikin ido, ga sabon tabarau. Ma'aikata suka taru a ƙofar ɗakin gwaji suna jiran ya yi godiya. Ya dubi ƙasa, ya dubi bango.

«Kai jama'a! Ashe haka kuka mai da wurin nan? A miƙo min tsintsiya, sannan a kawo bawul na farko.»