Ƙofar da Inna Ta Toshe Saboda Lissafina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro, don ba labari ne da mutum zai bayar yana murmushi ba. Lokacin da abin ya faru ni matashin malamin firamare ne a Rogo, ban fi shekara biyu da aure ba, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Lissafi nake koyarwa, shi ya sa na ɗauka babu matsalar da alli da allo ba za su warware ba. Idan dattijo yana magana, jira kawai nake ya kai aya in gyara masa.

A gidan haya muke, tsohon ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, mu huɗu ne masu haya. Ni da matata muna ciki da falo. Akwai wani tela mai ɗaki ɗaya, da wani mai awon hatsi a kasuwa, shi ma ɗaki ɗaya. Sai wata dattijuwa 'yar asalin Jajaye wadda mijinta ya rasu, kowa Inna yake ce mata. Ƙananan ɗakuna biyu gare ta a jere, tana kwana a ɗaya, ɗayan kuma nan take ajiye gyaɗa da kayan aikinta, don ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Da wannan sana'ar take ci, da ita take biyan haya. Ɗakunan nata biyu in ka haɗa su da ƙyar su kai girman falona. Mai gidan yana Kano, wakili ya ajiye, kuma sharaɗinsa tun farko shi ne tunda ya sassauta kuɗin haya, mu ne za mu riƙa biyan harajin gida na ƙaramar hukuma.

Kafin in tare a gidan, idan takardar haraji ta zo, kowa yakan kai wa tela abin da ya sawwaƙa, in bai cika ba mai awo ya cike. Ni kuwa ina jin haka na taɓe baki, na ce ai wannan ba tsari ba ne. Shekarar da harajin ya ƙaru, tela ya miƙo mini takardar yana tsokanata, ya ce tunda Allah ya kawo musu ɗan boko, in raba musu bisa adalci. Na zauna na duba. In aka bi yawan ɗakuna, kaso shida ne, biyu a kaina. Albashi bai shigo ba, ga matata da tsohon ciki. Nan dabara ta faɗo mini, na ce a ƙirga ƙofofin da suke kallon tsakar gida. Ciki da falona ƙofa ɗaya ce, ta Inna biyu. Kaso ya koma biyar, ɗaya nawa, biyu nata. Tsakani da Allah ba kuskure na yi ba, na san abin da nake yi.

Bayan la'asar muka haɗu a zaure na karanta musu rabon. Mai awo ya ɓata fuska ya ce shi dai abin bai kwanta masa ba. Maimakon in sauko, sai na ce masa ai ba ni na ƙirƙira ba, haka hukuma take lissafi, ƙofa-ƙofa take bi. Inna ta tambaye ni a hankali ko da gaske haka dokar take, na ce mata ƙwarai kuwa. Ta ce to in hukuma ce ta faɗa, ita wace ce da za ta ja. Bayan mako biyu ta kawo kuɗinta cif, daga baya na ji rabin buhun gyaɗar jarinta ta sayar.

Da shekara ta kusa zagayowa, wata rana na dawo daga makaranta na tarar da magini a tsakar gida. Inna ta sa ya toshe ƙofar ɗakin gyaɗa da tubali, ya fasa bangon tsakiya ya yi mata hanya ta ciki. Ta tare ni da fara'a, ta ce yanzu ita ma ƙofa ɗaya gare ta kamar Malam, bana kaso ɗaya za ta biya. Na yi dariyar yaƙe, har da yaba mata dabara. Matata ta ja ni ɗaki ta ce in ji tsoron Allah in gaya wa tsohuwar nan gaskiya, domin kan bangon nan azara ta hau. Na ce mata aikin gama ya gama, ba abin da zai faru.

Da marka ta kankama, bangon ya tsage, rufin ɗakin ya lotsa, ruwa ya jiƙe gyaɗar Inna gaba ɗaya. Wakilin mai gida ya zo ransa a ɓace, ya tara mu ya tambaye ta wa ya ba ta izinin fasa bango. Ta yi masa bayanin dokar ƙofa. Ya ce shekara da shekaru yana kula da gidaje bai taɓa jin wannan doka ba, a faɗa masa wanda ya gaya mata. Ina tsaye a gefenta. Ta sunkuyar da kai, can ta ce ita ce ba ta fahimta da kyau ba, tsufa ne. Tela da mai awo suka zuba mini ido, ni kuwa na ja bakina na yi shiru. Wakili ya ba ta wata guda ta tashi. Ranar da aka loda kayanta a mota zuwa gidan ƙanenta a Jajaye, na tafi makaranta tun kafin lokaci don kada mu yi sallama.

Sai da na yi shekara uku abin yana cina kafin na hau acaba na je Jajaye. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗar wasu, ana biyanta ɗan lada. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta tambayi matata da yaron da aka haifa. Na durƙusa na faɗa mata komai, na nemi gafara. Ta ce ai tun ranar da wakili ya yi magana ta gane, kuma ta yafe tun a lokacin. Ta ce ba ta ambaci sunana ba ne don malamin makaranta ba shi da jarin da ya wuce amincin da iyayen yara suka ba shi, ita kuwa ta riga ta ci zamaninta. Na miƙa mata kuɗi na ce ta sake tayar da sana'a. Ta karɓa ta sa albarka, amma ta ce hannu ya yi rauni, masu sayen man gyaɗarta kuma sun daɗe da komawa wajen wasu. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Abin da na koya shi ne, duk wanda aka ba rabo a gidan haya, ko na haraji ne ko na wuta ko na yasar masai, ya fara duba inda nasa kason ya faɗa. In ya ga tsarin da ya zaɓa shi ya fi sauƙaƙa wa, to ya tsaya ya sake tunani, ya kuma kira kowa a duba tare. Ina roƙon 'yan'uwana masu ɗan ilimi, kada mu fake da sunan hukuma mu rufe bakin wanda bai iya karatu ba, domin zai yarda da mu, har ya ɗora rayuwarsa a kan maganarmu. Abin da na rage wa kaina a wannan rabo bai kai cefanen mako guda ba. Inna kuwa har yau tana Jajaye tana ɓarar gyaɗar mutane.