Shanun da Kawu Haladu Ya Ƙidaya

Kawuna Haladu malamin dabbobi ne a Bukkuyum, mai surutun tsiya, ko jaki ya gamu da shi sai ya tambaye shi mutanen gida. A 1983 ciwon bushiya ya share shanu, ya bar samarin Fulani zube a bakin kasuwa, sanda a kafaɗa, babu abin kora. Kowa na cewa ɓarayin gobe ne.

Da ofis ya nemi sanin yawan shanun da suka mutu, Kawu ya ce samarin nan za su yi aikin, ai su suka san rugage. Ya jawo Sambo, wanda ɓarayin shanu suka riga suka fara zuga shi ya bi su daji.

Sambo ya ce, "Malam, mu ba mu ƙidaya shanu, ko matattu. Sunansu muke kira."

"To, ku kira."

Ya ba su rikoda. Wata biyu suna yawo daga Adabka har Gummi, tsofaffi na kiran sunaye cikin kaset suna kuka. Sambo ya daina zancen daji, har ya fara koyon yi wa awaki allura. Wallahi ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Sai ofis ya maido da kaset ɗin, wai adadi ake so. Kawu ya zauna ya saurara, kowane suna ya ja layi a takarda. Ya tara samarin, baki har kunne, ya karanta musu: dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya. Haba Kawu!

Sambo ya ce, "Har da Wule, saniyar Innata?"

"Har da ita."

Sambo ya ajiye allurar, ya ɗauki sandarsa. Bayan damina aka kama shi da shanun mutane a hanyar Anka. Ba a kai shi gaban alƙali ba, nan take aka gama da shi.

Kawu ya ƙara shekara shida a duniya. Da rana tsaka sai ya ce mini, "Dija, leƙa bayan gida, wani na kiran shanu." In leƙa, babu kowa, ni ma tsoro ya kama ni.

Na taɓa tambayarsa samari nawa suka yi aikin. Ya ce, "Dikko, Namadi, Sa'idu." Ya tsaya, saura sunan Sambo. Na jira shi har aka kira la'asar.