Shekarun Annabi Sulaimanu da Shekarun Babana

Shekarun baya, ana dab da dashen shinkafar rani, mahaifina ya yi wani mafarki da ya kusa jawo mana asarar noman shekarar. Muna karin kumallo ya ba mu labari. Wai wani dattijo mai fararen kaya ne ya tare shi a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya ce masa, “Rabonka a duniya irin na Annabi Sulaimanu ne.”

Gida ya kaure da murna. Mahaifiyata ta ce idan arzikin ya iso a fara da kwanon ɗakinta da ke yoyo. Ni kuwa har na hango kaina a mota a titin Kura. Murnar ba ta kai la’asar ba. Wani abokin Baba da suke zaman majalisa tare ya ji labarin, ya ce, “Kai da furfura ta fara, wane mulki kuma? Anya ba shekaru ake nufi ba?”

Baba ya dawo gida jiki a sanyaye, ya kira ni. Ni ne malamin firamare a gidan, kuma na ɗan taɓa Islamiyya, saboda haka duk tambayar da ta gagara ni ake jefa wa.

“Ka binciko min, shekara nawa Annabi Sulaimanu ya yi a duniya?”

Na tafi wurin malaminmu na Islamiyya, na same shi yana duba albasarsa a bayan makaranta. Ya ce Alƙur’ani bai faɗi shekarunsa ba. Abin da ake da shi maganar masu tarihi ce: wasu sun ce ya hau mulki yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi arba’in a kan gadon sarauta. Da na gaya masa dalilin tambayar sai ya ɗaure fuska.

“Ka gaya wa mahaifinka ajali ba a mafarki ake sanin sa ba. Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.”

Sha uku da arba’in, hamsin da uku. Katin zaɓen Baba kuwa hamsin da biyu yake nunawa. Mai hankali da sai ya isar da nasihar malam ya ja bakinsa. Ni da nake jin kaina gwanin lissafi, sai na isar da duka biyun. Nasihar ta bi iska, lambar ta zauna.

Daga ranar Baba ya canza. Irin shinkafa ya isa dashe, ya ce, “In dasa wa zai girbe?” Ranar da ruwa ya zo layinmu bai fita ya buɗe ba. Ya mayar da gonar da ya karɓa haya, ya shiga bin maƙwabta gida gida yana neman gafara, har da wanda suka taɓa faɗa a kan akuya. Tuwo yadda aka kai masa haka ake ɗaukowa. Idona na kallo wuyansa ya zurma. Kallon da mahaifiyata take min kaɗai ya ishe ni. A aji ina rubutu a allo, zuciyata na gida. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kada damuwar ta kashe shi, a ce mafarki ya tabbata, alhali da bakina na kawo masa lambar.

Akwai wani abokina Kirista, ɗan kudancin Kaduna, da muke koyarwa tare. Ya ga na rame ya matsa min, na faɗa masa. Ya ce ai su ma labarin sarkin yana cikin littafinsu, in zo mu duba. Muka zauna a gindin darbejiya bayan an tashi yara. A nasu ma an ce ya yi shekara arba’in yana mulki, amma ba a faɗi yana ɗan shekara nawa ya hau ba. Muka yi ta buɗe shafuka, har muka ga inda aka ce ɗansa da ya gaje shi yana da arba’in da ɗaya lokacin da ya hau.

“Ka ga ke nan an haifi ɗan kafin uban ya zama sarki,” in ji abokina. “Ɗan sha biyu zai haihu?”

“Da wuya. Sai dai ko yana wajen ashirin.”

“To ka ce sittin. Amma fa kintace muke yi, ni ma ban sani ba.”

Sittin! Na hau babur kamar zan tashi sama, zan kai wa Baba ƙarin shekara bakwai.

Ina shiga gida na tarar da gwaggona, yayar Baba, ta iso daga Bunkure. Labari ya kai mata. Tana zaune a tabarma ko mayafi ba ta cire ba, Baba na gabanta kai a sunkuye.

“Wai shekararka nawa kake cewa?”

“Hamsin da biyu, Yaya. Haka yake a kati.”

“Katin ne ya goya ka ko ni? Wa ya gaya wa masu katin?”

Baba ya sosa ƙeya. “Ni na faɗa musu.”

“To lokacin da aka fara haƙa kanal ɗin nan, wa ke ɗaukar rake a ka yana sayar wa leburori? Ba kai ba ne, har an yi maka kaciya? Hamsin da ukun nan ka wuce ta tuntuni ba ka sani ba. In ba ka cika sittin ba, to bana za ka cika.”

Baba ya fashe da dariyar da rabonmu da jin ta tun ranar mafarkin. Ya juyo ya gan ni a tsaye ina haki.

“Kai kuma fa? Ka samo wani abu ne?”

Na haɗiye sittin ɗina da ƙyar. “A’a, Baba. Gwaggo na zo gaisarwa.”

A ranar ya cinye tuwonsa har da neman ƙari. Dashen ya makara, irin ya tsufa, abin da muka girba bai kai na kowace shekara ba, amma mun ci. Damuwar kuwa ta sauka daga kansa ta hau nawa. Duk shekarar nan, ko tari ya yi sai gabana ya faɗi. Ban gaya wa kowa ba sai abokina, shi kuma kullum sai ya tuna min cewa kintace muka yi.

Yanzu idan na tuna sai in yi dariyar kaina. Na zage ina auna shekarun sarkin da ya rayu dubban shekaru da suka wuce, ban san na mutumin da ya haife ni ba. Tun daga nan na koyi cewa ba duk abin da ka jiyo ake kai wa mai fargaba ba, balle abin da kai ma ba ka da tabbacinsa.

Baba yana nan da ransa, ya wuce duk lissafinmu. Sai dai yanzu da sanda yake zuwa gona. An ce Annabi Sulaimanu a tsaye ya rasu, dogare da sandarsa, aka daɗe ba a gane ba. Shi ya sa idan na hango Baba a bakin kanal ya dogara da tasa ya daɗe bai motsa ba, sai in ɗaga murya in yi masa sannu. Ba na ci gaba da aiki sai ya ɗago hannu.